Gidan Baba a Cikin Leda

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya ba ki ladan jinyarsa. Mu nan lafiya lau, sai auta da ta yi mura, ita ma ta warware.

Kin tambayi inda aka kwana kan alkawarina. Tun da aka rushe gidanmu don faɗaɗa titi, kika ce Baba kullum sai ya tambaya ko matakalar ƙofar gida uku ce ko huɗu, na ƙudura in gina masa gidan da yumɓu, ɗan daidai ɗorawa a cinya, tunda idonsa ya tafi amma yatsu suna nan. Na je wurin wata maginiyar tukwane a bayan kasuwa. Ta ce in cuɗa yumɓun sosai, in bar cikin ginin fayau, ya sha iska a inuwa. Ni kuwa da na shekara ashirin da biyu ina gyara kuskuren wasu a gidan jarida, sai na ga kamar na fi ta sani. Na taɓa karanta cewa ana cusa takarda don kada bango ya rufta. Na yayyaga tsofaffin jaridu, na dama da sitaci, na cika ɗakunan, na naɗe da jiƙaƙƙen tawul, na ƙulle a leda. Aiki ya sha kaina, kwana goma sha ɗaya ban waiwaye shi ba.

Yaya, ban taɓa shaƙar abin da na shaƙa ranar da na kwance ledar nan ba. Kwata ma ta fi shi mutunci. Fumfuna ta lulluɓe rufin. Da na taɓa bangon ɗakin marigayiya Inna, yatsana ya nutse, wani ruwa mai yauƙi ya biyo, fararen tsutsotsi suka fito ta tagar da na ɓata yini guda ina yankawa da bakin cokali. Uwar yara ta toshe hanci da mayafi, ta ce ko abin ya fita, ko mu fita tare da shi. Sau huɗu na wanke hannu, warin yana ƙarƙashin farce, abinci ma na kasa kaiwa baki. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Na zuba shi a bokiti na koma wurin maginiya, da niyyar in zubar in sayi sabo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta raɗa mini suna Malam Jarida. Sannan ta sa hannu ta murza, ko yatsina fuska ba ta yi ba. Ta ce yumɓun da ya kwana har ya yi wari ya fi sabo laushi, in tsince takarda da tsutsa in sake cuɗawa, wuta za ta cinye warin. Haka na yi, ina kau da kai. Gaskiyarta ce, yana bin hannu ba gardama, kuma har yanzu ina ƙyamarsa.

Yanzu bango ya tsaya, cikinsa fayau. Asabar za a gasa, kuma abin da ya shiga wuta ba ya gyaruwa. Matakala ce ta rage, ga shi ni ma na manta. Na ɗora uku na cire, na ɗora huɗu na cire. Don Allah kada ki tambayi Baba, shi ma daga gare mu yake jiran amsa. Ke ce kika fasa haƙori a kanta muna yara. Ki lumshe ido ki hau, ki ƙirga, ki bugo mini waya kafin Alhamis, don yumɓun ya samu bushewa.

Ki gaishe mini da Baba, da maigidanki, da Gwaggo ƙarama, da Kawu mai rediyo, da tagwayenki. Uwar yara tana gaishe ki, daga nesa da ni.

Ƙaninki,
mai yumɓu a farce.