Gangaran Ya Tsaya a Bakin Burtali

Nahuce, Bunguɗu.

Zuwa ga yayana Hamza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, sai dai ni na rasa sukuni, ko tuwo na ɗora sai in bar shi ya kama.

'Yarka Balkisu ta tambaye ni a waya me ya sa ake ce wa kakanta Gangaran, wai ba ta taɓa jin kalmar ba. Ka ji kunya, Yaya! Gaya mata a wajen mahaddata, gangaran shi ne wanda ya wuce gwani. Mutanenmu kuwa sun laƙaba wa Baba ne don saninsa bai bar komai ba: karatu, rabon gado, ciwon dabba, lokacin shuka, da iyakar gonar kowa. In ya yanke magana, ba mai ƙarawa.

Abin da ke tsorata ni ke nan. Ka san al'adarsa, kafin ruwan fari yakan bi burtali da ƙafa, manoma a damansa, su Buba makiyaya a hagunsa, yana nuna inda hanyar shanu ta tsaya. Bara ambaliya ta kwashe gambar da aka dasa a iyakar, Baba kuma mantuwa ta fara kama shi, har yakan kira ni da sunan yayarmu marigayiya Rabi. Ranar Laraba aka fita. Da aka kai gindin aduwar nan, Sama'ila manomi ya ce gonarsa ta wuce ta, Buba ya ce sam, kowa da sanda a hannu, suna jiran bakin Baba. Duk inda ya nuna za a bi, ko da kuskure ne, daga baya a zub da jini.

Ya dubi aduwar, sannan ya ce, “Ban sani ba. A kira Hamza, da shi muka dasa gambar.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan a bakinsa ba, sai da na yi kuka. Sun yarda su jira ka, amma hadari ya fara haɗuwa ta wajen Tsafe, kuma manomi ba ya jira in ƙasa ta jiƙa. Don Allah ka taho.

Gai da Khadija da Balkisu. Inna na gaishe ku. Baba kullum yana ƙofar gida da takalmansa a ƙafa, yana jiran isowarka.

Ƙanwarka,
Rakiya