Kwalba ta Ashirin da Huɗu

Ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Nini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya angona? Na ji haƙori na huɗu ya fito. Ki gaya masa in bai bar cizon mutane ba na fasa auren. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta shiri da matakala.

Kin ce in riƙa kiran waya in huta da rubutu. Kin san halina, ina jin muryarki sai maganar ta gudu, mu ƙare a gaisuwa. Ki bar ni da takardata.

Sana'a ta kankama, alhamdulillahi. Ruwan wanke ban-ɗaki ya fi sabulun wanki tafiya, tun da na sa masa kalar lemo da ɗan ƙamshi. Sodar da nake haɗa shi da ita tana cin hannu, amma ina sa safar roba kamar yadda kika ce.

Kin san sunanki na sa wa kayan, sunan da kika laƙaba wa kanki kina rarrafe, marigayi babanki ya kama ya ƙi saki. Ashe sunan ya yi jama'a ban sani ba. Akwai wani zomo a talabijin, mai dogayen kunnuwa, shi ma Nini. Akwai lemon yara mai hoton zomon, Nini. Mai gyaran gashi a bakin titi ta rubuta Nini a ƙofarta. Ga kuma 'yar maƙwabciyata Tela ta ɗakin ƙasa, yarinyar shekararta huɗu. Kullum tana biye da ni tana nuna kwalabe tana "Nini, Nini," har na mayar mata da sunan, gida duka ya ɗauka. Yanzu in an yi sallama an ce ana neman Maman Nini, Tela sai ta ɗaga kai daga keken ɗinki ta ce, "Wacce? Mai gwiwa ko mai kyau?"

Lemon nan ya yi mini rana. Kwalabensa da aka shanye nake saye a wurin masu tara roba, sunan a jikin robar yake, an zana shi a kafaɗarta. Ba sai na buga takarda ba. Ina jiƙa su a baho, in ɓare hoton zomon, in wanke, in zuba nawa, in rubuta "ba a sha" da baƙin alƙalami. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, na je na tambayi Malam ko akwai haƙƙin kamfanin a kaina. Ya ce robar da aka yar ta wanda ya saya ce, muddin ban ce lemonsu nake sayarwa ba. Sai na ji sanyi.

Ga kwalba shida nan na ba direba. Ki gwada a tayil ɗinki ki gani.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi muku albarka.

Ummanki.


Ranar Lahadi

Ɗiyata Nini,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yaron da babansa. Ki yafe mini kiran da na yi miki ranar Alhamis, na ce ki zubar da kwalaben nan shida yanzu-yanzu, ki huda su, na kashe waya ban gaya miki dalili ba. Ga dalilin. Ki karanta ke kaɗai.

'Yar Tela tana asibiti, kwana huɗu ke nan. Bakinta da maƙogwaronta sun ƙone.

Ranar Alhamis da hantsi na cika kwalba ashirin da huɗu, na jera su a baranda su huce. Wannan karon gam ɗin takardar ya yi ƙarfi. Wasu na ɓare jikin zomon, kunnuwan suka ƙi fita. Wata mai ɗakin cin abinci tana jiran kayan, na ce kunnuwa ne kawai. Ban ma kai ga rubuta "ba a sha" ba aka kira azahar, na shiga na yi alwala. Raka'a huɗu, Nini. Ban ko tsaya lazimi ba.

Ina sallamewa na ji ihun Tela. Na sauko na tarar da yarinyar a ƙasa tana birgima, kumfa a bakinta, uwar ta ɗora hannu a ka tana cewa lemon ne, lemon da ta saya da safe a wurin Baba mai shago. Yarinyar ce ta kawo mata kwalbar tana tsakiyar ɗinki, ita kuma ta murɗe mata murfin da hannunta, idonta na kan allura. Aka ɗauke ta a guje. Ni kuwa na hau sama na ƙirga. Ashirin da uku. Na sake ƙirgawa har sau uku, kamar lissafin zai ji tausayina.

Kafin la'asar mijin Tela ya tara mutane a ƙofar shagon Baba. Kin san Baba, wanda yake ƙara miki alawa kina ƙarama, yana ce miki surukarsa. Sun ja shi da wuyan riga, sun watsar masa da kaya a titi. 'Yan sanda suka tafi da shi, suka ce jabun kaya yake durawa a kwalba yana sayar wa yara. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji yana cewa, "Shekara talatin ina nan, 'ya'yanku duk a hannuna suka sha, ku tambayi Maman Nini." Ya juyo yana nema na da ido. Na ja mayafi na koma ciki.

Akwai wanda ya fi wannan. Shekaranjiya Tela ta aiko in ɗebo wa yarinyar kaya a ɗakinsu. Ina ɗaga ledar zare na ga lemon da ta saya da safen, a rufe, ba a taɓa shi ba, zomon yana dariya. Ita ce shaidar Baba. Na ɗauka na sa a ƙarƙashin hijabi, na hau da ita, na tura ta bayan akwatin babanki. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya riga ni. Sauran ashirin da ukun na tuttule su a magudana.

Sannan na dafa ruwan zafi na kai asibiti. Tela ta rungume ni tana kuka, tana cewa ba ta da uwa a garin nan sai ni. Ta ce in yi wa yarinyar tofi, bakina mai albarka ne. Na yi. Ban san yadda harshena ya juya ba.

Na tambayi Malam haƙƙin kamfani, ban tambayi kowa abin da idon yaro zai gani ba. Na rubuta "ba a sha" wata da watanni, ban taɓa tuna cewa masu shan lemon nan ba su iya karatu ba.

Baba yana da ciwon suga. Matarsa ta ce ƙafarsa ta kumbura a can, allurarsa ma sai da roƙo ake karɓa. Ina tsayawa salla sai in ji kamar akwatin nan yana kallona ta baya. Kada ki kira ni, ba zan iya ɗauka ba. Ki yi mini addu'a, ba ta kuɓuta ba, ta ƙarfin hali.

Ummanki.


Ranar Asabar

Ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina yi masa godiya a kan lauyan da ya ce zai nemo. Ki shafa mini kan yaron. Saƙonki ya iso, na karanta inda kika ce in dakata har ki zo mu yi shawara. Ki yi haƙuri, ban dakata ba. Ke kina da kwana uku a hanya da neman izinin wurin aiki, ƙafar Baba ba ta da su.

Ranar Talata da safe na ciro lemon daga bayan akwati, na haɗa da buhun soda da ragowar kwalaben da ban cika ba, na tafi ofishin 'yan sanda. Na fara biyawa ta asibiti, don ban so Tela ta ji a bakin wani. Na same ta a kan benci a baranda. Na durƙusa, gwiwar ma ban ji ta ba, na ajiye kwalbar a gabanta na faɗa mata komai, har da ɗaukewar da na yi daga ledar zare.

Na shirya wa mari, na shirya wa zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta ce, "Kwana biyar kina kawo mini ruwan zafi." Ta sake cewa, "Kika yi mata tofi." Shi ke nan. Mijinta ne ya taso, ma'aikatan jinya suka riƙe shi. Abin da ya faɗa ba zan rubuta miki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A ofis ɗan sandan da ke rubutu ya tambayi sunan kayan, na ce Nini. Sunan lemon, Nini. Sunan yarinyar, na ce haka muke kiranta. Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ku duk garin nan suna ɗaya ya rage muku?" Wani ya yi dariya a bayansa, ya ga fuskata ya haɗiye. Sun riƙe ni har yamma, Malam ya zo ya tsaya mini. Ya ce shi ma amsar abin da aka tambaye shi kawai ya bayar, da ma ya ƙara tambaya ɗaya. Na ce masa kwalba tawa ce, baranda tawa ce. Ranar Litinin za a kai ni gaban alƙali. Na haɗa ƙaramar jaka, na ba matar Baba makullin ɗaki, ko da ba zan kwana gida ba.

An saki Baba a ranar. Daga can asibiti aka wuce da shi, jiya aka yanke masa yatsu biyu na ƙafa. Likita ya ce da an kawo shi kwana uku kafin ranar da ba a kai ga haka ba. Na ƙirga kwanakin, a wuyana suke. Na je gaishe shi, na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Maman Nini, da na neme ki da ido ran nan, shaidar hali kawai nake so, ban san shaidar gaba ɗaya tana hannunki ba." Ya ce ya yafe nasa. Shagon dai ba zai sake buɗewa ba, ba abin da aka bari a ciki sai katako.

Yarinyar za ta rayu, in Allah ya yarda. An huda mata ciki an sa roba, ta nan ake ba ta abinci. Sun ce maƙogwaron ya tsuke, za a yi ta aiki a kai shekara da shekaru. Murya kuwa ba wanda ya yi alkawari.

Na bi gida-gida na karɓo duk kwalbar da na taɓa sayarwa, wasu sun ba ni, wasu sun rufe ƙofa a fuskata. Mai gyaran gashi ta sa an goge sunan daga ƙofarta, ta ce mata sun daina shigowa. Ita ma ban san ta inda zan fara ba ta haƙuri ba.

Jiya na roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar ni in leƙa ta taga, ba tare da na shiga ba. Akwai talabijin a bangon ɗakin yaran. Ina tsaye aka sako zomon, yaran da ke kan gadaje suka ɗauki waƙarsa. Ita ma ta juya kai, ta yi murmushi da leɓen nan da ya ƙone, bakinta yana motsi tare da nasu. Ba abin da ya fito. Sai ta hango ni, ta ɗaga mini hannu. Ba ta sani ba. Ba a gaya mata ba.

Tela ta fito ta same ni a nan. Na ce mata yaya jikin Nini. Ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Kada ki ƙara kiranta haka. Tana da sunan da ubanta ya sa mata." Ta koma ciki ta ja labulen tagar.

Za ki ga ban sa sunanki a saman takardar nan ba. Na ɗora biro sau biyu, hannuna ya ƙi. Shekara ashirin da bakwai ina kiranki da shi, shi ne abu na ƙarshe da babanki ya faɗa da bakinsa, ni kuma na ɗauka na zuba masa soda. In kin zo ranar Litinin, ki zauna inda zan gan ki. In na buɗe baki na kasa kiranki, ki amsa kawai.

Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya tashi kafaɗar Baba, ya tsare miki naki. Ki ɗaga duk wata kwalba sama, inda hannunsa ba zai kai ba.

Wassalam.

Ummanki.