Ta goya min ɗiya bayan tiyata, ni kuma na san sirrin aikinta

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Litinin.

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara. Na san lokacin ne saboda shi na gani a kiran farko cikin bakwai da na tarar a wayata, bayan na fito daga jarrabawa a Gwarzo. A Kabo nake aure, ina haɗa karatu da rainon ɗiyata Hanifa, shekararta biyu da wata uku. Da huji a zuciya aka haife ta. Ranar kwananta ashirin da uku da tiyata, an tsaga ƙashin ƙirjinta an ɗaure shi da zaren ƙarfe.

Da za a sallame mu likita ya ja kunnena, har sati takwas kada a ɗaga ta ta hammata, kada a ja hannunta, kada a goya ta. Sai dai a tallafo ɗuwawu da baya. Na rubuta da Hausa na manna a ƙofar ɗaki, na kuma bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu, duk da magana cikin mutane wuya take min.

Yayar maigidana, Yaya Rabi, gida ɗaya muke tun da mijinta ya rasu ta dawo da yara huɗu. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Garo, kowa a gidan nas yake ce mata. Ita ta ce in tafi jarrabawata, wa ya fi ta sanin majinyaci. Na sake maimaita mata zancen goyo, ta yi dariya ta ce 'yan boko da tsoro. Hanifa ta yi rigima bayan fitata, sai ta kama hannunta ɗaya ta wulla ta baya yadda aka saba, ta ja zani ta tamke, ta ci gaba da wanke-wanke a sunkuye. Sai da surukata ta ga jini a bayan rigar Yaya Rabi.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti a Kano. Ɗinkin ya buɗe, ya yi ruwa, ƙashin ya motsa, sai da aka sake shiga da ita tiyata. Yarinyar da ta fara gudu a tsakar gida yanzu ko hannu aka miƙo mata sai ta ƙanƙame jikinta. Wannan duk na so in bar wa Allah. Amma da muka dawo na tarar an gama shari'a a gidan, wai uwar da ta zaɓi biro a kan 'yarta ita ce mai laifi. Yaya Rabi ce ta faɗa, a gaban 'yan dubiya, ta ƙara da cewa dama aikin likitocin ne bai yi kyau ba. Har yau ba ta ce min sannu ba. Abban Hanifa ya ce in yi haƙuri, ita ta goya shi.

Ga abin da ke hannuna. Ni nake cike wa kowa fom a gidan. Bara da na cike nata na gane takardar shaidar karatun da take aiki da ita ta wata 'yar kawunsu ce da ta rasu, sunansu ɗaya. Ita firamare ta tsaya. Ranar Litinin kwamitin tantance ma'aikata zai zauna. Na rubuta ƙorafi shafi biyu, da shekarar haihuwar kowacce, da hoton takardar, ban sa suna ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce don marasa lafiya na rubuta ba. So nake a tuɓe mata farar rigar nan a gaban mutanen da ta tara min, ta ji yadda ake shiga gida kai a ƙasa. Na san da albashin nan marayunta suke ci, babbar tana kirana Anti, ni nake koya mata lissafi. Na sani, kuma zuciyata ba ta yi sanyi ba.

In kai ko in yaga? Wanda zai ce min haƙuri kawai, na ji wannan a gida.

Na tambayi Innata ta yi kuka, ƙawata ta ce in kai kawai. Jiya na je Gwarzo na miƙa wa Babana takardar ƙorafin, tsohon malamin makaranta ne, ba ya son dogon zance. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta ya miƙo min.

"Babu ƙarya a ciki, in kin ga dama ki kai," ya ce. "Amma ki sa sunanki a ƙasa. Kuma ki fara shiga ɗakin Rabi ki karanta mata da bakinki, yaranta suna zaune."