Na Ga Rawanin, Ban Taka Birki Ba

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku da aiki. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini. In kun gama kuka ga tsinuwar ce ta dace da ni, ba zan ce kun zalunce ni ba. Sunana ba zan faɗa ba, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na sauya su.

Ni ɗan Dakoro ne, ɗan gidan fatake. Mahaifina da yayyena gero da gyaɗa suke saye su kai Maradi, su tsallaka Nijeriya su dawo da kaya. Ni ne auta, ni ne kuma wanda ake cewa ba shi da kan ciniki, sai son ƙarfe. Da muka samu mulkin kai Nasara suka fara tattara nasu ya nasu, wani daga cikinsu ya bar tsohuwar akori-kura, irin wadda muke ce wa bashe, yashe a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Na saye ta. Ranar da aka jawo ta da shanu zuwa ƙofar gidanmu, babban yayana ya zagaya ta ya ce, "Auta, wagga ko kaza ta hau ta sai ta yi nishi. Mi za ka yi da gawa?" Aka bushe da dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, abin da aka yi mini dariya a kansa ba na barinsa. A ranar na rantse sai motar nan ta shiga inda doki ke tsoron shiga.

Kun san ƙasarmu, da ka bar gari sai rairayi, hanya kuwa sawun shanu ce kawai. Na kwashe watanni a ƙarƙashin motar nan, har mahaifiyata ta ce ta manta kalar rigata. Na samo ƙarafan bayan wata matacciyar babbar mota a garejin Maradi na ƙara a kan nata, ta ɗaga sama ta daina jan ciki. Na sa mata manyan tayoyi, da suka ƙi shiga na yanke gefen jikinta da kurfi da guduma. Na ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda kututture, na ɗaure gangar ruwa a baya don tana yawan zafi. Salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, kullum sai ta karce ƙasa, na gaji na cire ta gaba ɗaya, motar ta koma ruri kamar ana tsawa, in na taso daga kasuwa har bayan gari an san ni ne. Na ƙarshe, na sa maƙerin unguwarmu ya ƙera mini ƙatuwar ƙugiya muka ɗaure a bayanta, wai don in riƙa jawo motocin da suka kafe. Na koyi rage iskar taya in zan hau tudun rairayi, na kuma koyi babbar dokar tuƙin daji: in ka ji ƙasa ta yi laushi kada ka ɗaga ƙafa, ka ɗaga ka kafe. Na je Kornaka na dawo, na je Sabon Maci da kaya niƙi-niƙi na dawo. Yayan nan nawa da kansa ya fara roƙona in kai masa buhuna. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Da bazarar nan na kai gero wani ƙauye wajen Ajekoriya, na tarar ana yasar rijiya. Rijiyoyinmu zurfi gare su, in ka leƙa ruwan kamar ƙwayar ido. Mai yasa yakan zauna a kan sanda a ƙarshen igiya a zura shi ƙasa, ya riƙa cika wasaki, wato babban gugan fata, da laka, raƙumi na ja. Igiyar tana bi ta kan wani gungume da aka gicciya a bakin rijiya. Mutum ɗaya ke tsayawa a bakin yana leƙawa, in kaya ya iso ya yi kira, raƙumi ya tsaya cak. Mai yasar sunansa Nomau, magidanci mai 'ya'ya, mai yawan barkwanci. Mai raƙumin kuma, wanda ke tsayawa a bakin rijiya, wani Buzu ne Agali, shekara da shekaru shi ke yi musu wannan aiki. Na tsaya ina kallon raƙumin nan yana tafiyar sarauta, sai bakina ya ja mini. Na ce abin da zai yi a wuni, motata za ta yi kafin azahar. Agali ya ce, "Shofer," wato direba, "raƙumi yana jin magana. Wannan naka yana ji?" Na ce ba ya ji, amma ni ina da ido, ga madubi. Tun da ƙara ba za ta bari in ji kira ba, muka shirya in wasaki ya iso ya kwance rawaninsa ya ɗaga sama, ni kuma in taka birki. Mai gari ya yarda, aka kwance igiya daga raƙumi aka ɗaura a ƙugiyata.

Aiki ya yi kyau, laka na fitowa, mata na guɗa, ni ina ta hura hanci. Sai dai kai da kawowar da nake yi ya tone ƙasa, daidai wurin da nake tsayawa ya koma ramin rairayi. Can sai na tsaya na kasa tashi, tayoyi suka nutse. Ƙauye guda ya fashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Ashe raƙumin Nasara ma yana gurhwana!" Samari suka turo ni suna waƙa. Agali bai yi dariya ba, amma ni gani na yi kamar har raƙuminsa dariya yake mini. Na ciji leɓe na ce a raina ba za a sake ba.

Da aka gama, aka leƙa aka ce wa Nomau za a fito da shi. Daga ƙasa ya ɗaga murya, aka maimaita mini abin da ya ce: "Ku hidda ni da raƙumi, ni ba wasaki ba ne." Da na yi shiru da yanzu yana raye. Amma na je bakin rijiyar da ƙafata na ce, "Haba Nomau, tsoro kake ji? Yau za ka hau mota ba ka biya ko tamma ba." Na ji dariyarsa tana tasowa daga ƙasa. Ya ce, "To ɗan Alhaji, a hankali dai, ina da iyali."

Na ja a hankali, wallahi da farko a hankali na ja. Da na iso wurin ramin nan na ji bayan mota ya fara zama, tayoyi na tono. A daidai lokacin na duba madubi, na ga Agali ya ɗaga rawani. Na gan shi. Baƙin rawani ne, yana kaɗa shi da hannu biyu, har tsalle yake. Jama'a, me ya hana ni taka birki? In na tsaya zan kafe, in na kafe za a sake dariya. Na ce a raina taki ɗaya kawai, in haye wannan laushin. Na danna mai. Motar da na kashe ƙarfina na gyara don kada ta kafe, ba ta kafe ba, ta yi tsalle gaba. Na ji igiya ta yi ƙar, ta kuma saki.

Da na kashe inji sai ihu ya cika mini kunne. Nomau ya fito daga rijiya da gudun da na ba shi, kansa ya daki gungumen nan, gungumen ya tsage, igiya ta fizgo shi ta kai, ta ja shi a ƙasa. Na tarar da shi kwance rubda ciki, kai a fashe, hannu ɗaya ya juya baya, laka da jini sun haɗe ba ka rarrabe su. Ƙafarsa na motsi. Matarsa ta faɗa kansa tana tattara abin da ya zubo tana mayarwa da hannunta. Ba a jima ba ya cika.

Yayansa, Mati, wani ƙaƙƙarfan manomi, ya shaƙe ni ya ɗaga ni sama har ƙafata ta bar ƙasa. Idonsa jawur ya ce, "Mi ya hana ka tsayawa?" Na ga mutuwa a fuskarsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ba a ɗaga mini rawani ba." Ya sake ni. Kowa idonsa na kan mota lokacin da abin ya faru, ba wanda ya kalli bakin rijiya. Wani ya ce ai dama Buzun haushi yake ji an karɓe wa raƙuminsa aiki. Shi ke nan, ba a ƙara tambaya ba.

Sun rufe Agali da sanduna da ƙotar gatari. Yana cewa na ɗaga, na ɗaga, har aka buge masa baki haƙora suka zube. Mati ya ɗauki guntun gungumen da ya tsage ya sauke masa a kai, ya sake saukewa. Wata tsohuwa ta watsa masa laka a ido. Samari suka sare wa raƙumin agara, dabbar ta zube tana kuka, suka bi ta da wuƙaƙe. Ni ina tsaye jikin motata, na rufe baki da hannu, mutane na dafa ni suna cewa in yi haƙuri, ba laifina ba ne. Ba don mai gari ya kwanta a kan Agali ba da sun ƙarasa shi. A bayan motata aka ɗauko shi zuwa Dakoro, da shi da gawar Nomau gefe da gefe. A gaban jandarma na maimaita ƙaryata, na ƙara da rantsuwa. Wane irin mutum ne ni?

Yanzu Agali yana kaso, ido ɗaya ya mutu, hannun dama ba ya ɗaguwa. An ce bayan salla za a kai shi gaban mai shari'a a Maradi. Damina ta sauka, hanya ta lalace, motar jandarma ba ta iya wucewa, sai shugabansu ya aiko mini cewa tawa za a ɗauka, ni zan tuƙa, da gardi ɗaya mai tsaron fursuna. Labari ya kai ƙauye. Ranar kasuwa Mati ya same ni ina gyaran taya, ya tsuguna kusa da ni, ya gaishe ni da mutunci, har da kawo mini zabi biyu. Ya ce, "Ɗan Alhaji, mun san motarka ba ta kahewa. Amma rannan, ga kwarin da ke gaban Kornaka, muna so ta kahe. Kai dai ka sauka ka tahi neman masu turi. Gardin mun yi magana da shi. Ba mu son shari'ar takarda, jinin ƙanena ba ya kwana Maradi." Ya ɗaga rigarsa kaɗan na ga wuƙa a kube. Na ce masa to. Wallahi to na ce.

Na kasa zama, na sayi goro da sukari na je kaso wai in duba Agali. Na shirya ya tofa mini yawu, ya kira ni maƙaryaci a gaban gardi, da hakan ya fi mini sauƙi. Aka fito da shi yana dafa bango, kai a ɗaure da tsumma. Ya daɗe yana kallona da idon da ya rage, sannan ya kama hannuna ya ce, "Shofer, kai kaɗai kake da madubi. Tun da suka buga mini kai abubuwa sun ruɗe mini. Da ina ganin kamar na ɗaga. Yanzu ban sani ba. Nomau abokina ne, tare muke cin tuwo. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ban ɗaga ba? In ban ɗaga ba, to duk abin da suka yi mini daidai ne, su ƙarasa ma." Hawaye na zuba ta idon da ya mutu. Na buɗe baki, gardi na tsaye a kanmu. Na ce masa, "Allah ya sawwaƙe," na aje goron na fito.

Ga inda nake, jama'a. In na ƙi tuƙin, a kan doki za a kai shi, daji ya fi faɗi, Mati ya fi samun sarari. In na tona shirin Mati kaɗai, za a kama mutumin da na kashe wa ƙane, Agali kuma a ɗaure shi da shaidata. In na wuce kwarin ban tsaya ba, na kai shi Maradi da rai, can ma ni za a kira in sake rantsuwa. In kuwa na faɗi gaskiya, wuƙar nan da na gani kaina za ta dawo, kuma na san Mati ba zai tsaya a kaina ba, yayyena kullum suna bin hanyar ƙauyensu da kaya. Mahaifina tsoho ne, har yau yana gaya wa baƙi yadda ɗansa ya yi ƙoƙarin taimakon mutane aka cuce shi. Ina tsoron mutuwa, ban iya ɓoye wannan ba. Ina kuma tsoron in tsaya gaban Allah da jinin mutum biyu, ɗaya ma ya isa.

Salla ta matso. Mutumin nan yana can a kaso yana neman gafarar laifin da bai yi ba, ni kaɗai ne a duniya na san ya ɗaga rawaninsa. Ku taimake ni don Allah, ku faɗa mini ko da zagi ne.

Me zan yi?