Umma, Ƙwallonki Ya Shiga Rami

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaiki Umma. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fata kina cikin ni'imar Ubangiji. Kin san ni da nauyin baki, ko a gabanki sai na yi ta murza bakin hijabi kafin magana ta fito. To yau ga ni ina rubuta miki a inda kowa zai gani, don na gaji da riƙe abin a ciki.

Maganar gem ɗin nan ce na wayarki, wanda ba a danna komai, sai dai a karkata wayar, ɗan ƙwallo ya gangara ta lunguna har ya faɗa raminsa. Ni na saka miki shi lokacin da ciwo ya kumbura yatsunki, ko carbi ba kya iya ja sosai. Kika riƙe wayar hannu bibbiyu kamar faifai, kina juya ta a hankali, kika ce ashe bakace ne aka mayar wasa. Ina gefen gadon da littafin soyayyata, shafi ɗaya nake ta maimaitawa, ke nake kallo.

Wani mataki ne ya tsayar da ke, mai siririyar gada. Kullum sai ƙwallon ya zame a tsakiya, ki yi tsaki ki ce, “Ajiye min, gobe zan gama da shi.”

A nan kika bar shi, Umma.

Gem ɗin ba ya komawa baya. In an wuce mataki, an wuce ke nan. Shi ya sa tun bayan rasuwarki nake buɗewa, in tsallake gadar, in kai ƙwallon har bakin rami, sai in karkata hannu ya faɗi gefe. Yaya Sadik ya ɗauka ban iya ba ne, har cewa yake in kawo ya ci min. Na hana shi. Muddin matakin yana nan, ji nake kamar fita kika yi unguwa.

Jiya ina cikin keke napep, daga gidan Inna Hajara a Unguwar Kanawa za ni gida Abakpa. Na kai ƙwallon bakin rami kamar kullum, sai mai keken ya faɗa wani gargada. Hannuna ya girgiza. Ƙwallon ya shiga.

Taurari suka cika fuskar wayar, har da kiɗa. Matar da ke kusa da ni ta leƙo ta ce an gaishe ni.

A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin yarinya kuka take fashewa da shi, wani ya miƙo mata hankici. Ni ko hawaye bai zo ba. Gajiya kawai na ji, tun daga kafaɗa har tafin ƙafa. Sai da muka wuce layinmu na tuna ban ce a sauke ni ba.

Yanzu sabon mataki ne a gabana, wanda idonki bai taɓa gani ba. Ban taɓa shi ba tukuna. Ban san ta ina ake bi ba, kuma babu wanda zan ajiye wa. Amma ina jin zan gwada, in na huta.

Allah ya jiƙanki Umma, ya haskaka makwancinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ni kuma ya ba ni ƙarfin hannu.

Taki har kullum,
Autarki, Ummi