Dung, Motar Ta Sha Ruwa

Zuwa ga Dung bakanike, wanda a da yake da gareji a bayan rumfunan Katako, duk inda kake a cikin garin nan na Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Mama Ladi da yara da jikoki. Yaya aiki, yaya damina, yaya gwiwar nan taka da take kumbura in sanyi ya sauko? Ni in ka tambaye ni sai in ce da godiya, don haka ake cewa.

Garba ne, mai lamba bakwai a layin Bauchi, wanda ka laƙaba wa Ƙi-Faɗi. Ka san ban yi boko ba. Ni nake faɗa, Malam Haruna mai rubuta wa mutane takarda yake rubutawa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Na sa an buga ta da yawa za a manna a shagunan masu sayar da kayan mota, don ko ina ka koma ba za ka rasa zuwa sayen fulogi ba. Masu wucewa za su tsaya su karanta. Su karanta. Kunyata ta riga ta ƙare.

Dung, motar ta sha ruwa.

Yau kwana ashirin da tara tana tsaye a ƙofar gidana a Laranto, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Ka san dokar tasharmu: motar da ta yi kwana arba'in ba ta shiga layi ba, lambarta ta zama ta wani. Saura kwana goma sha ɗaya. Shugaban tashar na yanzu Sabo ne, Sabon da ka sani yana karen mota a hannuna, wanda na koya wa taka kuloci. Da na je masa da maganar ko benci bai nuna mini ba. "Baba, ba ni na kafa dokar ba, ku kuka kafa ta." Abin haushin kuma gaskiya ya faɗa, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar. Ƙanin matarsa, wani Isiyaku, har ya fara wanke motarsa a gefen gurbina. Mai shekaruna in ya fita daga layi ba ya komawa. Sai zaman ƙofar gida, ana wucewa ana ce masa sannu da hutawa.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, ka yi dariyarka ka gama, sannan ka zo.

Tun bara motar ta fara nauyi a hawan nan na dawowa daga Bauchi. Ka san wurin. In na cika ta da mutane da buhunan kaya sai ta riƙa nishi a giya ta biyu, yaran nan masu motocin Beljiyam suna wuce ni suna danna ham. Isiyaku ya taɓa leƙo kai ta taga ya ce, "Baba, a sauko a tura ne?" Fasinjojina suka yi dariya. Nawa fa, waɗanda ke cikin motata.

Ana nan sai na gani a shagon wani mai kayan mota a Titin Bauchi, bututu mai ƙyalli kamar sabuwar butar shayi, da jar matatar iska a bakinsa kamar hular dara. Mai shagon ya ce inji kamar mutum yake, in ya shaƙi iska mai sanyi sai ƙarfinsa ya ƙaru, akwatin iskar da motar ta zo da shi kuwa iskar zafin inji yake ɗura mata. Maganar ta shige ni. Da zan tafi ya ce, "Baba, ka kai wa bakanike ya ɗaura maka." 

Ba zan iya kai wa kowa ba, ga dalili. Bayan tafiyarka sau ɗaya na kai ta wurin Lawal, wanda ya gaji wurinka. Ya dawo mini da ita tana tari, noti ɗaya ya ɓata. A tsakiyar tasha na dafa bonet na rantse da Allah babu hannun da zai sake shiga injin nan sai na Dung. Shekara shida ke nan juye da fulogi da birki duk ni nake yi da kaina.

Da kayan aikinka nake yi. I, akwatin ƙarfen nan shuɗi da ka bari a zaurena ranar da gari ya rikice, ka ce in ajiye maka zuwa gobe. Goben ba ta zo ba. Sau biyu ka aiko wan Mama Ladi ya karɓa, sau biyu na ce masa, wanda ya kawo da ƙafarsa ya zo ya ɗauka da ƙafarsa. Za mu dawo kan wannan.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe bonet. Mai ɗakina Hajara tana tsaye a bakin zaure da tsintsiya a hannu, ta ce, "Malam, abin da bai lalace ba ake gyarawa?" Na ce mata ta kula da tukunyarta. Na kwance tsohon akwatin iskar, noti ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi, sai da sifana ta kuɓuce ta ɗaye mini fatar yatsa biyu. Na ɗora sabon bututun a bakin kafireto, na ɗaure da kilif, ya zauna daram kamar don ita aka yi shi. Wani ɗan tiyo da ke fitowa daga saman inji ya rage yana reto, na rasa mahaɗinsa, na naɗe shi da waya a gefe. Da a nan na tsaya, da yau ina kan hanya.

Amma sai na sa hannu a inda jar hular ta tsaya, gefen batir, na ji wurin da ɗumi. Na ce to ina sanyin? Sai maganar babana ta faɗo mini, shi da ya ƙare rayuwarsa a haƙar kuza: "Sanyi a ƙasa yake kwana, wanda ya shiga rami ya sani." Na tafi wurin masu lambu na samo baƙin tiyo irin na injin ban-ruwa, na ƙara wa bututun tsawo, na zura shi ta bayan fitila har ƙasa bayan bamba. Na ɗaure da robar tif. Hular ta sauka har tsakaninta da ƙasa bai fi taƙi ɗaya da yatsa huɗu ba. Na kwanta a tabarma ina kallonta daga ƙasa, ina cewa a raina ko Baturen da ya ƙera abin bai kai ni tunani ba.

Da na tayar da ita, Dung, sai ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Maƙwabta suka fito. Kwana tara ina sarauta a hanyar nan. Na wuce Isiyaku a kan hawan, na ɗaga masa hannu a hankali yadda ake yi wa yaro. Yanzu da nake zaune ina tunani, ban sani ba ko ƙarfi ne ya ƙaru ko ƙara ce kawai ta sa nake ƙara taka totur.

Lawal ya gani a tasha. Ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Baba, damina ce fa. Wannan ruwa zai sha." Na ce masa da ya san mota da bai ɓatar mini da noti ba. Mutane suka yi shewa, ni kuma na ji daɗi.

Rana ta goma muna dawowa bayan azahar, aka tsuge da ruwa irin na watan takwas. Ka san kwarin nan kafin a shigo gari, inda kwalbati ke cika ruwa ya hau titi. Shekara talatin ina ratsa shi. Ruwan bai wuce rabin taya ba. Na shiga. Muna tsakiya ta yi tari sau biyu ta mutu.

Wallahi na tuna maganarka. Da muryarka ma na ji ta, da Hausar nan taka: "Garba, mota in ya mutu a cikin ruwa, cire hannunka a makulli, sa shi a aljihu." Na tuna. Amma Isiyaku yana bayana yana danna ham, kuma na san abin da zai faɗa a tasha. Na murɗa makulli. Na sake murɗawa. A na uku na ji wani ƙwas daga ciki, kamar taɓarya ta karye a turmi. Fasinjoji suka tattare riguna suka fita cikin ruwa. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, da ka bari mun tura." Isiyakun ne ya ja ni da igiya har gida. 

Na cire fulogi, ruwa ya fito ta rami biyu. In na juya injin da sifana sai ya yi rabin zagaye ya cije. Kullum da safe ina ɗiga baƙin mai a ramukan don kada tsatsa ta kama, iyakar abin da na sani ke nan. Lawal ya zo ba tare da na kira shi ba, ya tsaya da hannuwansa a baya saboda rantsuwata, ya ce sai dai a sake inji. Ba ni da halin sake inji, kuma ban yarda ba. Na ga lokacin da motar Alhaji Buba ta faɗa rafi, kowa ya ce ta mutu, kai ka baje cikinta a kan tabarma kamar mahauci, ka canja ƙarfe ɗaya da ya lanƙwashe, ta ƙara shekaru tana aiki. Na ga kana ɗora sukudireba a jikin inji ka kara kunne a ƙotarsa, ka faɗi ciwon kafin a kwance noti ɗaya. Babu mai wannan a garin nan sai kai.

Limamin unguwarmu ya ce rantsuwa tana da kaffara, in ciyar da miskinai goma, in babu hali in yi azumin kwana uku, in bar Lawal ya buɗe. Hajara ta ce ita za ta dafa abincin. Azumin kwana uku bai gagare ni ba, Dung. Abin da ya gagare ni shi ne ranar da wani hannu ya shiga injin nan, ranar na yarda ba za ka dawo ba.

Ina da ƙorafi a kanka, kuma ba zan haɗiye ba. Ka tafi ba sallama. Shekara ashirin da wani abu muna cin gyaɗa a benci ɗaya, ka kwashe iyalinka ka koma can cikin 'yan'uwanka, sai a bakin masu katako na ji. Ka ɗauka ni ma ina cikin waɗanda za ka ji tsoro?  Aka yi bikin 'yata Binta, yarinyar da kake saya wa alewa, ba ka zo ba.

To, amma ban aika maka goron ba. Malam Haruna, rubuta wannan ma. Na ji rasuwar mahaifiyarka bayan wata biyu, ban je gaisuwa ba. Na ce wa Hajara hanyar ce ba ta da kyau ga irinmu. Rabin gaskiya ne. Sauran rabin, jira nake ka fara zuwa. Akwatin ma ba don ina so na riƙe ba. Na ɗauka bakanike ba ya iya rabuwa da kayan aikinsa, dole wata rana in ji sallamarka a zaure. Ban yi tunanin da me ka ci abinci a watannin farko ba, sai yanzu da nawa abincin ya tsaya a ƙofar gida. Na zalunce ka. Ka yafe mini. Akwatin naka ne ko ka zo ko ba ka zo ba, aiko ko wane ne zan ba shi, babu abin da ya ɓata sai sifana mai lamba goma da na karya.

Ba zan ce ka shigo Laranto ba. Na san abin da ke ranka, don irinsa ne a nawa in aka ce in hau unguwarku. Ga abin da na shirya. Na yi magana da mai janwe, ranar Litinin da safe zai ja motar zuwa Titin Bauchi, gaba kaɗan da ƙofar jami'a, gindin dogayen bishiyoyin turaren nan. Wurin ba unguwar kowa ba ne, naku da namu duk suna wucewa. Zan zauna a cikinta tun daga hantsi har la'asar, kullum, har kwana arba'in ɗin su cika. Direbobin layinmu ta nan suke bi, za su gan ni sau huɗu a rana. Su gani.

Ka zo ko da ba za ka gaishe ni ba. Ka zo ka zage ni a gaban jama'a, ka ce tsohon banza ya sa wa mota hanci a ƙasa, zan ce na'am. In ka duba ka ce za ta tashi, zan riƙe maka kayan aiki in yi shiru, karo na farko a rayuwata. In kuma ka duba ka ce ta mutu, zan tafi da ƙafata in gaya wa Sabo ya ba surukinsa lamba bakwai. Amma daga bakinka nake so in ji.

Allah ya kai takardar nan idonka kafin ruwa ya wanke ta daga bango. Allah ya ba ka lafiyar gwiwar da za ta kawo ka. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare zuriyarka da tawa, ya zaunar da garin nan lafiya. In kuwa an riga an rubuta ba za mu sake ganawa ba, Allah ya sa ka ji cewa na nema. Amin.

Ka gaida Mama Ladi. Hajara tana gaishe ta, ta ce a gaya mata har yau ban canja ba.

Naka, mai jiranka a bakin titi,
Garba Ƙi-Faɗi