Hannun da Na Sa a Takardar Don Casimiro

Zuwa ga Yayana Eusebio,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yolanda da yara, kuma aikin gonakin Murcia bai karya maka baya ba. Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfi. Mu nan Cayambe muna nan ƙalau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajinta.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ba mai daɗi ba ne. Ka tuna shekarar da aka mai da ni ofishin ma'aikata a gonar furanni, aka sa ni rubuta littafin ƙa'idojin aiki? Har ka yi mini tsiya, wai ƙanwarka ta zama alƙali. Na yi alfahari da littafin nan, don shi ya hana tura mutane cikin rumfunan fure bayan feshin magani, ya hana korar mata masu ciki. A ciki na rubuta hutun rasuwa kwana uku, na uwa ko uba ko abokin aure ko ɗa. Na kuma rubuta cewa wanda ya yi fashin kwana uku ba izini ya kori kansa.

A watan Janairu, lokacin da yankan fure ya fi tsanani, Don Casimiro ya shigo ofishina da hularsa a hannu. Shi dai abokin marigayi Baba, wanda kuka ɗauki gawar Baba tare da shi. Ya ce Mama Zoila ta rasu a ƙauyensu, ƙanwar mahaifiyarsa da ta rene shi tun yana wata biyu. Na buɗe littafin don in ba shi hutun rasuwa, ƙanwar uwa ba ta ciki. Na je wurin manaja ina roƙo, ya ce in ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, gobe innar kowa za ta mutu, kuma ai ni na rubuta. Da na dawo na gaya wa Don Casimiro, sai ya ce shi bai san wata uwa ba sai ita, kuma ba zai bar maƙwabta su binne ta ba. Ya tafi.

Ran kwana na huɗu ya dawo, takardar sallama na jiransa da sa hannuna. Shekara goma sha tara yana gonar nan. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya ce in taimaka in karanta masa. Na karanta, Yaya, har ƙarshe. Ya yi mini godiya, ya ajiye almakashinsa a kan teburina.

Na yi ta naci har aka gyara layin hutun rasuwa a watan Afrilu, aka ƙara da wanda ya yi renon ma'aikaci. Amma an ce gyara ba ya komawa baya. Ran Lahadi na gan shi a kasuwa yana dakon buhunan dankali, mutum mai shekara sittin da ɗaya. Na ba shi labarin gyaran. Ya yi murna sosai, ya ce yanzu wani zai binne uwarsa hankali kwance. Ya kira ni 'yarsa, ya tambayi lafiyarka. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Mama ta ɗauka ritaya ya yi, kullum cewa take Allah ya hutar da shi. Na kasa gaya mata. Ka faɗa mini yadda zan yi.

Ka gaishe mini da Yolanda, da Maribel, da ƙaramin Fausto. Kawu Olmedo yana gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Nélida